Babi na Biyar: Zazzaɓi Ya Sauka, Mutum Bai Dawo Ba

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya kwanta a kududdufai da kwaruruka, da wuya ka shiga gida a Rurum, ko Tsohon Gari ko Sabon Gari, ba ka tarar da wani a kwance ba. Haka abin yake a ƙauyukan Rano da na Kibiya. Zazzaɓin cizon sauro ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da shi a duniya. Akasarin mutane sukan sha magani kwana 3, su yi gumi, su nemi kunu, bayan mako guda sai ka gan su a gona. Amma akwai waɗanda zazzaɓin kan saki, gwajin jini ya nuna babu sauran ƙwayar cuta, duk da haka su kasa komawa yadda aka san su.

Ɗauki misalin magidanci mai shekara 40 da 'yan kai. Masararsa ta bushe a tsaye tana jiran karya, shi kuwa yana zaune a zaure tun hantsi, ya zuba wa ƙasa ido. An kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture. Ya daina zuwa majalisa bayan la'asar. Ƙarfe 3 na dare idonsa biyu. Maiɗakinsa ta aika a kira wansa, ta ce, "Yaya, tunda ya tashi daga zazzaɓin nan ba shi ba ne." Wan ya shiga ya zauna kusa da shi ya ce, "Haba Malam, me aka yi maka? Bashi ne? Ka yi tawakkali mana." Shi kuma ya ce, "Wallahi Yaya ba wanda ya yi mini komai. Jikina ne ya mutu, kuma ba abin da ke yi mini daɗi."

Daga nan zance kan rabu gida uku. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska ce, wasu su ce lalaci ne da raunin imani. Binciken likitoci na shekaru 30 da suka wuce ya ƙaro bayani na huɗu: wani kaso na ciwon damuwa daga jiki yake farawa, daga faɗan da garkuwar jiki ke yi da cuta.

Kumburin da ido ba ya gani

Kowa ya san abin da ke faruwa idan ƙaya ta karye a tafin ƙafa. Wurin zai yi ja, ya ɗauki zafi, ya tasa, ya riƙa zugi. Wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa waɗannan alamu 4 kusan shekara 2000 da suka wuce, har yau kuma su ake koya wa ɗaliban likitanci. Abin da ke gudana a ƙarƙashin fata shi ne fararen ƙwayoyin jini sun taru a wurin, suna kashe ƙwayoyin cuta, suna kuma aika wa sauran jiki saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokin. Fitattu a cikinsu su ne IL-6 da TNF. Idan saƙon ya isa hanta, sai ta saki wani furotin mai suna CRP, wanda shi likita kan auna a jini don sanin ko akwai kumburi a ɓoye.

Aikin garkuwar jiki ya yi kama da na 'yan sintirin unguwa. Idan ɓarawo ya shigo, sukan busa usur, kowa ya tashi, a rufe ƙofofi, a hana zirga-zirga har a kama shi. Wannan alheri ne. Matsalar ita ce idan an kama ɓarawon amma usur bai daina ba, dare da rana, wata da watanni. Ba mai barci, ba mai fita nema, unguwar ta tsaya cik. Irin wannan kumburi mai ƙaramin ƙarfi da dogon zango ba ya tasa fata, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, amma yana nan cikin jini, kuma ƙwaƙwalwa tana jin sa.

Abin da makiyayi ya daɗe da sani

Duk mai kiwo yakan gane akuyar da ba ta da lafiya tun daga nesa. Takan ware daga garke, ta tsaya a inuwa kai a sunkuye, gashinta a tashe, ta ƙi harawa ko dusa, ta daina tuƙa. A da masana sun ɗauka rauni ne kawai ke sa dabba haka. A 1988 wani likitan dabbobi a Jami'ar Kalifoniya, Benjamin Hart, ya nuna cewa tsari ne da jiki ke bi da gangan. Zazzaɓi yana cin ƙarfi sosai, don haka jiki kan kashe sha'awar yawo da ci da cuɗanya, ya tattara ƙarfin wurin yaƙar cuta. Daga baya Robert Dantzer da abokan aikinsa a Faransa suka tabbatar da cewa saitokin ne ke ba da wannan umarni. Idan aka yi wa lafiyayyen ɓera allurarsu, ba tare da wata ƙwayar cuta ba, sai ya lafe a lungu kamar mai jinya.

Jera halayen akuyar nan kusa da na magidancinmu: ƙin abinci, kasala, gudun jama'a, rikicewar barci, rashin jin daɗin abin da aka saba so. Kusan jeri ɗaya ne. Wannan kamanni ya sa Ronald Smith ya wallafa ra'ayinsa a 1991 cewa ƙwayoyin garkuwar jiki na iya zama tushen ciwon damuwa, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Beljiyam Michael Maes kuma ya riƙa auna jinin masu ciwon yana samun saitokin da yawa fiye da na sauran mutane.

Saƙon kan isa ƙwaƙwalwa ta hanya fiye da ɗaya. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga hanji da ƙirji ta haura zuwa kai, tana kai rahoton abin da ke faruwa a ciki. Akwai kuma ta jini. Idan ya isa, sai ya taɓa sinadaran da ke riƙe da walwala. Tiriftofan, wanda jiki ke samu daga abinci ya ƙera serotonin da shi, sai a karkatar da shi zuwa wata hanya da ke fitar da abubuwa masu takura wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Dofamin, mai sa mutum ya ji ƙwarin tashi ya nemi abu, sai aikinsa ya ja baya. Shi ya sa mai irin wannan damuwa ba lallai ya riƙa kuka ba. Abin da ya fi faɗa shi ne gajiya da mutuwar jiki.

Wanne ya riga wani?

Mai hankali zai tambaya: ko damuwar ce ke kawo kumburin? Ai mai damuwa ba ya barci, ba ya cin kirki, wani ma ya kama taba. Gaskiya ne, hanyar tana tafiya ta fuska biyu. Amma akwai hujjoji da ke nuna kumburi na iya zama na farko.

Mafi ƙarfinsu ta fito ne daga maganin intaferon, wanda shi kansa saitokin ne. An daɗe ana yi wa masu ciwon hanta nau'in C da masu wata sankarar fata allurarsa. Likitoci suka lura cewa mutanen da ba su taɓa sanin damuwa ba sukan faɗa cikinta bayan 'yan makonni da fara allurar. A 2001 masu bincike a Jami'ar Emory da ke Atlanta suka ɗauki masu sankarar fata 40, suka ba rabinsu maganin damuwa kafin a fara intaferon, rabin kuma suka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. A cikin makonni 12, kashi 45 cikin 100 na waɗanda ba su sami maganin ba suka kamu da damuwa mai tsanani, a ɗaya rukunin kuwa kashi 11 kacal.

Hujja ta biyu ta bi yara ne. A yankin Biristol na Ingila an auna jinin yara kimanin 4,500 suna da shekara 9, aka sake duba su suna da 18. Sakamakon da Golam Khandaker na Jami'ar Kambirij ya fitar a 2014 ya nuna cewa waɗanda IL-6 ɗinsu ya fi yawa tun suna ƙanana sun fi sauran faɗawa cikin damuwa. Kumburin ya riga ciwon da shekara 9.

Kada kuma a ce wannan lamarin Turawa ne masu zaman ofis. A dajin Bolibiya akwai ƙabilar Tsimane, manoma da masunta da mafarauta, masu fama da tsutsar ciki da cututtuka iri-iri. Binciken da aka wallafa a 2015 ya samu cewa a cikinsu ma, waɗanda suka fi nuna alamun damuwa su ne garkuwar jikinsu ta fi tashi.

Me ya sa wani ya faɗi, wani ya tsaya?

Komawa ga masu intaferon: fiye da rabinsu ba su kamu ba, alhali allura ɗaya aka yi wa kowa. Haka a gida ɗaya 'yan'uwa biyu za su kwanta zazzaɓi a mako ɗaya, ɗaya ya miƙe garau, ɗaya ya shafe wata 3 yana jan jiki. Mu kan ce wane jarumi ne, wane kuma raggo. Wani gwaji da aka yi a asibitin Mount Sinai na birnin Niyok ya girgiza wannan hukunci.

Georgia Hodes da Scott Russo sun riƙa saka ƙaramin ɓera cikin kejin wani ƙato mai faɗa, na 'yan mintuna kullum har kwana 10. Bayan haka kusan kashi 2 cikin 3 na ƙananan sukan koma gudun 'yan'uwansu, har ruwan sukari ya daina burge su. Sauran kuwa sukan ci gaba da harkarsu. A rahotonsu na 2014 suka nuna cewa tun kafin a fara dukan, fararen ƙwayoyin jinin waɗanda za su karye sun fi saurin fitar da IL-6. Da aka ɗebi ɓargon ƙashin ɓeran da ya karye aka dasa wa wani, sai shi ma ya zama mai saurin karyewa. Da aka toshe IL-6, sai juriya ta ƙaru. Ɓera ba mutum ba ne, amma darasin a fili yake: wani ɓangare na abin da muke kira ƙarfin zuciya a cikin jini yake, ba zaɓin mai shi ba ne.

Me ke saita garkuwar mutum ta zama mai saurin hasala? Gado yana da nasa rabo. Ƙuruciya ma haka. A garin Dunedin na Niyuzilan an bi rayuwar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Andrea Danese ya ruwaito a 2007 cewa waɗanda aka azabtar ko aka wofintar suna yara sun fi yawan CRP a jini suna da shekara 32. Dukan da ya wuce tarbiyya da horon yunwa ba sa ƙarewa a ranar da aka yi su. Zaman gida ma yana shiga jini. A Jami'ar Jihar Ohayo, Janice Kiecolt-Glaser ta yi wa ma'aurata 42 ƙananan ƙuraje a hannu, ta sa su tattauna abin da ke haɗa su rigima. Masu gaya wa juna baƙar magana raunukansu sun fi jinkirin warkewa. Ta kuma samu cewa tsofaffin da ke jinyar abokan zamansu masu ciwon mantuwa, IL-6 ɗinsu na hauhawa kusan ninki 4 fiye da na tsaransu.

Yanzu a dubi kayan da mutumin Rurum ke ɗauke da su. Zazzaɓin cizon sauro kan dawo masa kowace damina. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo kifi da noman rani, amma ruwan da ya kwanta gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ne, ƙwayayen tsutsarta kuma kan maƙale a mafitsara ko hanta su riƙa tsokanar garkuwar jiki shekara da shekaru. Matar gida tana shaƙar hayaƙin ice safe da yamma. Ga ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini da aka bari sai gishiri da kanumfari. Ga ciwon hanta nau'in B, da tarin fuka, da sikila, da ciwon suga da ke ƙaruwa. A ɗora tsadar taki da bashin da za a biya da kaka. Kowanne shi kaɗai ana iya ɗauka, taruwarsu ce ke durƙusar da mutum. Mai jego kuwa tana cikin wani yanayi na musamman, domin haihuwa kan motsa garkuwar jiki, ga zubar jini, ga rashin barci. Fiye da mace 1 cikin 10 a duniya kan shiga damuwa bayan haihuwa.

Sai dai ƙauye yana da nasa ribar. Thomas McDade ya bi yaran da aka haifa a Sebu ta ƙasar Filifin a 1983 da 1984, ya samu cewa waɗanda suka yi rarrafe cikin dabbobi da ƙasa sun tashi da ƙarancin CRP. Fassarar masana ita ce garkuwar da ta yi karo da ƙananan ƙwayoyi tun da wuri takan koyi tashi da sauri ta kuma kwanta da sauri. Wannan ba izinin ƙazanta ba ne, gudawa tana kashe yara har gobe. Abin lura shi ne juriya ba rashin kumburi ba ce, iya kashe shi ne bayan ya gama aikinsa.

Akwai kuma garkuwar da ba a cikin jini take ba. Bincike da dama ya danganta kaɗaici da yawan kumburi, ya danganta samun masu tallafi da raguwarsa. Dubiya, gayya, adashi, zaman majalisa, sallar jam'i, da tafiyar mai haihuwar fari gidan iyayenta ta yi kwana 40 ana dafa mata ana karɓar mata jariri, duk suna rage wa mutum nauyin da jikinsa zai ɗauka. Abin takaici, ciwon damuwa yakan fara da raba mutum da waɗannan. Ya daina fita, tun ana cigiyarsa har a gaji a ce ya cika girman kai.

Kada a ruga kemis

Duk wanda ya karanta zuwa nan zai iya cewa to ai sai a sayi maganin kumburi. A'a. Da aka tattara bincike masu yawa a 2019, an samu cewa kimanin kashi 27 cikin 100 ne na masu ciwon damuwa ke da alamar kumburi a jini. Saura fa? Nasu na iya tasowa daga rashi, ko zaluncin abokin zama, ko gado, ko shaye-shaye, ko ciwon maƙoƙo, ko ƙarancin jini.

A 2013 Charles Raison ya gwada infliximab, magani mai ƙarfi da ke toshe TNF, a kan mutum 60 da damuwarsu ta ƙi jin magani. A jimlace bai fi ruwan gishirin da aka yi wa wasunsu a madadinsa ba. Waɗanda CRP ɗinsu ya haura 5 ne kawai suka nuna alamar amfana, masu ƙarancinsa kuwa gara ma waɗanda aka yi wa ruwan gishirin. Wani gwaji a Ostireliya da Amurka ya ba tsofaffi fiye da 19,000 ko dai ƙaramin asfirin ko ƙwayar banza kullum na tsawon shekaru, sakamakon 2020 ya nuna asfirin bai hana damuwa ba. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da manoma ke haɗiya bayan wunin gona, suna huda ciki suna lalata ƙoda idan aka mai da su abinci. Ƙwayoyin ƙiba irin su deksametason, da ake kira sha-ka-fashe, suna danne kumburi amma su da kansu sukan birkita tunani da barci, su tayar da suga da hawan jini.

Tawakkali da neman magani

Tun kafin a san saitokin, malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa kan gyaran jiki da rai. Akwai mai sanannen musabbabi, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke sauka ba dalili, ya hana mutum kuzari da jin daɗi, wannan ya danganta shi da jiki, ya ce a haɗa masa da maganin jiki. A tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Don haka wanda ya ce wa mai wannan ciwo imaninsa ne ya yi rauni ya ƙara masa kaya ne kawai. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Abin da iyali za su kula da shi shi ne lokaci. Kasalar kwana 4 ko mako guda bayan zazzaɓi ba abin tsoro ba ce. Idan ta wuce mako 2, ga ƙunci ko rashin jin daɗin komai kusan kullum, ga rikicewar barci da ci, to a tafi asibiti, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya duka biyun, na jiki da na zuciya. Yawancinmu mukan ce ciwon kai da zafin ciki mu yi shiru da sauran, sai a rubuta maganin maleriya da taifot karo na uku. A nemi a duba yawan jini, da suga, da fitsari, da hanta, da tari idan ya daɗe. Daga asibitin gari ana iya turawa Babban Asibitin Rano, daga can zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Magungunan damuwa sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, kada a yar da su a kwana na biyar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin mai wannan lalura na a kula da shi cikin mutunci. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ɗauki maganar da gaske, a kwashe fiya-fiya da maganin feshi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Littattafan waje kan ce a motsa jiki. Manomin da ya wuni yana huɗa ba motsi ya rasa ba, barci ya rasa da hutun jinya. Tsofaffi da matan da ke wuni a cikin gida su ne ke bukatar tattaki. Abin da zai rage wa kowa kumburi a wannan yanki sananne ne kuma mai araha: kwana cikin gidan sauro, shanye maganin zazzaɓi har ƙarshe, karɓar maganin tsargiya idan an zo rabawa a makarantu, girki a inda hayaƙi ke fita, cire haƙorin da ya ruɓe, da ƙara wake da zogale da gyaɗa da kifi a tukunya. Sauran aikin na dangi ne. A karya wa mai jinya masararsa, a ci gaba da leƙa shi ko ba ya son magana, a kuma raka shi asibiti, domin ciwon da ya kashe masa sha'awar tuwo shi ne zai hana shi tashi neman magani da ƙafarsa.